Alaji (allergy) ne ke cinye min ƙarfi ko garkuwar jikina ce ta birkice? Shekara biyu ke nan ina fama

Maman Nana, Argungu:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku na yi ina haɗa shi kaɗan-kaɗan don in na daɗe ina kallon waya kaina juyawa yake.

Ni malamar firamare ce, shekarata 34, yara uku. Daminar bara waccan na yi wani zazzaɓi mai zafi da ciwon maƙogwaro har kaluluwa ta fito min a wuya, aka ce maleriya da taifod kamar dai yadda ake faɗa wa kowa, na sha allurai na sha ƙwayoyi, bayan kamar sati biyu zazzaɓi ya sauka amma ni har yau ban tashi ba. Ni da nake tashi da asuba in yi shara in ɗora tukunya in shirya yara in wuce makaranta in dawo in hau keken ɗinki har magariba, yanzu wanke-wanke kaɗai in na yi sai na nemi tabarma. Kuma abin da ya fi ɗaure min kai ba a ranar da na yi aikin yake kama ni ba. Bikin ɗiyar yayata na daure na je na wuni, ranar ras nake har ana cewa ai Maman Nana ta warke, washegari da la'asar sai jikina ya saki kamar an zare min laka, kwana biyar ban leƙa tsakar gida ba, ga ciwon gaɓoɓi ga maƙogwaro ya dawo kamar mura za ta kama ni amma ba ta kamawa. Barci kuwa ko awa goma na yi zan tashi kamar wadda ta kwana tana daka. A aji sai in tsaya gaban allo kalmar da na sani sarai ta ɓace min, yara suna kallona ina kallonsu.

To tun daga ciwon nan ne kuma abubuwan da ba su taɓa damuna ba suka fara damuna. Turaren wuta da da hannuna nake haɗa shi, yanzu ko maƙwabciya ce ta sa sai atishawa, ido ya yi ja, kai ya ɗau sara. Hunturu kam ba a magana, balle lokacin casar shinkafa in ƙurar buntu ta cika unguwa. Ga borin jini yana fito min a hannu da cinya ya yi ta ƙaiƙayi kafin gari ya waye ya ɓace.

An tura ni wani lab aka ɗebi jini, a takardar akwai wani abu IgE wai ya hau sosai, wanda ya miƙo min takardar ya ce ai ga ciwonki nan alaji ne shi ke cinye miki ƙarfi. Mai kemis ya haɗa min Piriton da wata 'yar ƙaramar ƙwaya wai deksa, satin farko wlh ji na yi kamar an kwance ni daga ɗauri, daga baya gajiyar ta dawo inda take, fuskata ta yi fam, yanzu wata huɗu ina sha don in na tsallake kwana ɗaya ko zama ba na iya yi.

Ɗan yayana da ke karatu a Aliero ne ya ce akwai wani ciwo da ake rubuta shi ME/CFS, ciwon gajiyar da ba ta wucewa, wai yana da alaƙa da garkuwar jiki. A gida kuma uwar mijina ta ce son jiki ne, wasu sun ce sammu. Ni dai tambayata, alajin ne ya kawo gajiyar, in na yi maganinsa zan warke? ko kuwa duk abu ɗaya ne garkuwar ce ta lalace? Wanda ya sani ya taimaka min dan Allah, aikina na neman kuɓuce min.

Hajiya Ta-Gwandu:

Wa alaikumus salam. Allah shi ba ki lahiya ɗiyata, Allah shi sa kaffara ne. Borin jinin ga da kinka hwaɗi ni ma shina yi min duk shekara in sanyi ya shigo, kuma ƙwayar ga ta kemis ita nika sha ta kwanta min da shi, ni dai ban ga illarta ba, ki ci gaba da abinki tunda kin ce in kin bari ba ki iya tashi. Ki haɗa da zuma da habbatus sauda da sahe, ki riƙe azkar. Maganar uwar miji kuwa ki yi kunnen uwar shegu da ita, wanda bai kwana da ciwo ba mi ya sani. Amma ke ma ki riƙa motsa jiki ko yaya ne, kwanciya ita ma tana kashe jiki.

Abu Sadik, Gusau:

Wslm Malama, sannu, Allah ya sawwaƙe. Hajiya ki gafarce ni, maganar a ci gaba da deksa ban goyi bayanta ba ko kaɗan, amma wannan na bar wa likitoci, ni ma'aikacin lab ne bari in tsaya kan takardar.

IgE wani sinadari ne da sojojin jiki ke ƙerawa. Gaskiya ne yana hawa ga mai alaji, abin da ba a gaya miki ba shi ne yana hawa sosai ga mai tsutsa ma, don yaƙi da tsutsa na cikin asalin aikinsa. A ƙasashen da tsutsar ciki ta yi ƙaranci in an ga ya hau sai hankali ya tafi kan alaji, mu nan fa? Ke da kike Argungu ga gulbi ga fadama ga gonakin shinkafa, wa ya girma bai shiga ruwa ba? Tsargiya kaɗai ta isa ta harba lambar nan sama kuma ba dole sai kin ga jini a fitsari da idonki ba, manya da yawa ba sa gani. Haka tsutsar nan da ke shiga ta tafin ƙafa in ana yawo ba takalmi, ita har jini take tsotsa a hanji ta bar mutum fari fat da kasala. Ni da hannuna na sha fitar da sakamako mai IgE a sama ga mutanen da lafiyarsu ƙalau ƙarti ne suna dakon buhu, don haka wannan lambar ita kaɗai ba ta isa a ce ga dalilin gajiyarki ba, wanda ya faɗa miki haka ya yi gaggawa, kuma ma ba aikinmu ba ne yanke hukunci, aikinmu mu auna mu rubuta.

In da ƙanwata ce ke, kafin a kira sunan wani ciwo daga waje sai na ce a bi na gida tukuna. Cikakken gwajin jini ba PCV na auna yawan jini kaɗai ba, fitsari da bahaya a duba ƙwan tsutsa, suga musamman tunda kin daɗe kan deksa, aikin ƙoda da hanta, ciwon hanta nau'in B, HIV, da tayirod wato ƙullin nan na wuya da ke kawo maƙoƙo don in ya yi sanyi gajiya da mantuwa yake sa wa. In akwai tari ko rama ko zufar dare a duba tibi. Shi kuwa Widal da ake yi wa kowa a ce taifod, mu da muke yinsa mun san ba abin jingina ba ne shi kaɗai, ina shakkar ma taifod kika yi tun farko.

Wani abu kuma, mu Zamfarawa ba ma mantawa da shi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Yargalma, saboda niƙan dutsen zinare a cikin gidaje. Yara ta fi kashewa amma a manya tana zuwa da kasala da ciwon ciki da mantuwa da ƙarancin jini. Ku ma wajen Yauri ana haƙar zinare, in akwai mai wannan sana'a a gidanku ki faɗa wa likita. Wani kwallin ido ma akwai dalma a ciki.

Dakta Ummu Sultan, Birnin Kebbi:

Salam 'yar'uwa. Da farko deksa. Kar ki ci gaba da sha yadda kike sha, kuma kar ki yanke shi dare ɗaya, duka biyun haɗari ne. Jiki yana da nasa sinadarin irin wannan da wasu 'yan ƙulli a saman ƙoda ke fitarwa, in aka daɗe ana ba shi daga waje sai su yi barci, shi ya sa in kin tsallake rana ba kya iya zama, ba wai maganin ne ke warkar da ke ba. Wata huɗu ya wuce wasa, sai an riƙa rage miki shi a hankali a hannun likita. Yana kawo suga da hawan jini da gyambon ciki, yana raunana naman cinya, kuma in akwai tibi ko tsutsa a ɓoye shi ke buɗe musu ƙofa. Hajiya ke ma dan girman Allah a auna miki suga. Ki je asibiti satin nan ba sai wata ya ƙare ba.

Yanzu tambayarki. Ba zan iya ce miki ga ciwonki ta waya ba, amma abin da kika kwatanta na bikin nan, a yi aiki yau a faɗi gobe ko jibi a daɗe ba a tashi ba, shi ne babbar alamar ME/CFS, kuma alaji ba ya yin haka. Yawanci awa 12 zuwa 48 bayan aikin yake bugowa. Ma'aunin da wani babban kwamitin likitoci na Amurka ya fitar a 2015 ya ce sai an samu raguwar ƙarfi sosai na sama da wata shida, da wannan faɗuwar bayan aiki, da barcin da ba ya wartsakarwa, sannan ko dai rikicewar tunani ko kasa jure tsayuwa. Babu gwajin jini guda da ke nuna shi, ana gane shi ne ta labarin mara lafiya bayan an kawar da abubuwan da Abu Sadik ya lissafa. Ba sabon ciwo ba ne, a 1955 ya kwantar da ma'aikata kusan 300 a wani asibiti a Landan har aka rufe asibitin na wani lokaci, kuma tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Mata ya fi kamawa.

Maganar alaji ba ke kika fara zarginta ba, masana ma sun bi wannan hanyar. A 1988 wani ƙaramin bincike a Amurka ya ga masu wannan ciwo da yawa suna da tarihin alaji, sai aka ɗauka ko nan bakin zaren yake. A 1996 aka gwada ba su wani maganin alaji mai suna tafenadin, wasu aka ba su na gaske wasu na bogi ba tare da sun sani ba, bai rage gajiyar ba. (Maganin ma daga baya an janye shi daga kasuwa don yana taɓa bugun zuciya.) Da aka zo aka auna IgE na masu ciwon aka kwatanta da na masu lafiya, ba a ga wani bambancin kirki ba. Abin da ya fi bayyana shi ne da yawansu hanci da ido da kai ba sa jure ƙamshi da hayaƙi da haske da hayaniya, kuma wannan ba ta hanyar IgE yake bi ba, jijiyoyin ne suka zama masu saurin fushi. Ina zargin turaren wutarki nan ya faɗa. Borin jinin kuwa histamin ne da wasu ƙwayoyin garkuwa da ke cikin fata ke zubarwa, akwai masu binciken da ke ganin waɗannan ƙwayoyin suna da hannu a ciwon gajiyar ga wasu mutane, amma magana ce da ba a kammala ba.

Garkuwa kuwa e, akwai alamun tana ciki. Mafi yawan masu ciwon bayan wani zazzaɓi ya fara musu kamar ke. A garin Dubbo na Ostareliya an bi mutum 253 da suka kamu da ɗaya daga cikin cututtuka uku, har da wani zazzaɓin da ake ɗauka daga awaki da tumaki da shanu, sakamakon ya fito a 2006, bayan wata shida kusan 11 cikin 100 sun cika sharuɗɗan wannan ciwo. An sha ganin wasu sojojin jini masu kashe ƙwayoyin da bairos ya shiga aikinsu ya yi rauni, kuma a 2017 a jami'ar Sitanfod an ga wasu sinadaran da sojojin jiki ke aika wa juna saƙo da su guda 17 suna hawa daidai da tsananin ciwon. Ki ɗauka karen gadi ne, ɓarawo ya zo ya tafi tun bara amma shi bai daina haushi ba ya hana gida barci. Wannan jin kamar mura za ta kama ki amma ba ta kamawa, ai garkuwa ce ke sa mutum jin haka ko a murar gaske.

Sai dai sanin tana ciki daban, sanin yadda za a gyara daban. Likitoci a Bagen ta Nowe sun gwada wani maganin kansa mai suna ritukzimab da ke share wani rukuni na sojojin jini, gwajin farko ya ba da fata sosai, da aka yi babba da mutum 151 sakamakon 2019 ya nuna bai fi na bogi ba. Na kawo wannan ne don za a zo miki da robobi masu tsada a ce na ƙara garkuwar jiki ne, kar ki ba da kuɗinki. Matsalar ba wai garkuwa ta yi kaɗan ba ce da za a ƙara kamar man inji.

To a bar alajin ke nan? A'a. Mai toshewar hanci da ƙaiƙayi ba ya barcin kirki, a yi maganinsa don a sauke miki kaya ɗaya daga kai, kawai kar ki sa rai shi ne zai dawo da ke kan keken ɗinki. Piriton yana sa barci da nauyin kai, ke da kalma ke ɓace wa a aji ƙara miki yake, ki tambayi likita ya canza miki zuwa loratadin ko setirizin, in kina da ciki ko shayarwa ki faɗa. Wanke hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, takunkumi lokacin hazo da casa. Ranar da kika ga leɓe ko harshe ya kumbura ko numfashi na sarƙewa, wannan asibiti ne nan take ba kemis ba.

Baban Khalifa, Talatar Mafara:

Ni fa Dakta da girmamawa, duk wannan dogon bayanin ni a ganina damuwa ce kawai. Albashi ba ya kai wata, ga yara ga tsadar abinci ga rashin tsaro, wa ye bai gaji ba a ƙasar nan? Iyayenmu mata sun yi surfe sun yi daka sun ɗebo ruwa da goyo a baya ba mu taɓa jin wani ciwon gajiya ba, irin ciwon nan na waɗanda suka ƙoshi ne. Kin ce da bakinki babu gwajin da ke nuna shi. Malama ki sa a ranki lafiyarki lau, ki fara zagaye gida kullum kina ƙarawa, wata ɗaya za ki ba da labari.

Na-Ƙaura mai gyaran waya:

Baban Khalifa Allah ya sa kar ka gane abin da muke faɗa ta hanyar ɗanɗanawa. Ni namiji ne, ƙwallo nake bugawa duk yamma, korona ta kama ni a 2021 ko asibiti ban kwanta ba, tun daga nan nake cikin irin abin da Malama ta faɗa. Shawarar da ka ba ta ita wani ya ba ni kuma na bi don ni ma na ɗauka ragwanci ne ya shige ni, na fara zagaye fili kullum ina ƙarawa, kwana tara na yi na goma aka ɗauko ni, wata biyu shagona a rufe. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar magani ma a Oktoban 2021 ta cire wannan tsarin na a riƙa ƙara motsa jiki a kai a kai daga maganin ciwon nan. Mai damuwa in ka ja shi ya fita ya motsa sau da yawa sauƙi yake ji, kuma shi sha'awar abin ce ta mutu, mu kuwa muna so jikin ne ke ƙi, ni har mafarkin fili nake. Iyayenmu mata kuma da kake faɗa, wa bai san wata a danginsu da aka ce ta kwanta shekara da shekaru an rasa kanta an ce iska ce ba?

Malama ga abin da ya taimake ni, ba warkewa ba amma na koma shago rabin wuni. Kin san wayar da batirinta ya lalace, ta kwana a caji ta nuna 100, kina buɗe bidiyo ɗaya ta koma 15. Ba a gyara irin wannan da ƙara kallon bidiyo. Na samu littafi ɗan 40 lif ina rubuta abin da na yi kullum da yadda na tashi bayan kwana biyu, cikin wata ɗaya na gane iyakata, na gane ma surutu da lissafi da ɓacin rai suna cin caji kamar tafiya. Ranar da na ji garau ita ce ranar haɗari don ranar nake cin bashi, kuma bashin nan da ruwa ake biyansa. Yanzu ina tsayawa tun kafin in gaji, in yi minti ashirin in kwanta goma a bayan kanta. Ke ma wanke-wanke a zaune, girki a zaune, wanka da kujera, biki ki je ki yi barka ki dawo. Salla in tsayuwa na sa miki jiri ki yi a zaune, na tambayi malamai sun ce addini ya ba da wannan sauƙin, haka azumi ki tattauna da likita da malami kar ki yi ta maza.

Zafin Maris da Afrilu shi ne ajalina, in na miƙe tsaye zuciya ta riƙa dukan uku-uku. Likita ya auna bugun ina kwance sannan ina tsaye na minti goma ya ga ya ƙaru da sama da 30, ya ce in yawaita ruwa da ɗan gishiri tunda ba ni da hawan jini. Ke kar ki fara gishirin sai an auna ki tunda kin sha deksa. Ni ma ina da atishawar hunturu tun ina yaro, maganinta na sha ta lafa, gajiyar ko gezau.

Maman Nana, Argungu:

Jama'a na gode Allah ya saka da alheri, na yi shiru ne sati uku ina bin abin da kuka ce. Abu Sadik kamar kana nan, an ga ƙwan tsargiya a fitsari, ni da rabona da wanka a gulbi tun kafin aure amma ina zuwa fadamar maigida lokacin dashe kai abinci ina tsoma ƙafa. An ba ni maganin na sha, jinina ya ɗan yi ƙasa an ba ni na ƙarin jini, suga ya ɗan hau likitan ya ce deksa ne, ya yi faɗa sosai ya rubuta min yadda zan riƙa ragewa. Tayirod da hanta da sauran lafiya lau. An canza min Piriton, atishawa da borin jini sun ragu sosai har na yi murna na ce shi ke nan, ranar Asabar na wanke kayan yara na share tsakar gida na ɗan taɓa keke, Litinin ko makaranta ban je ba sai Alhamis na tashi. Na-Ƙaura na tuna maganarka ta bashi ina kwance ina hawaye. Na sayi littafin. Turarukana duk na kwashe na ba ƙanwata har da humrar da na ɓoye tun ta aure. Baban Khalifa ban ji haushi ba, damuwar akwai ta amma bayan ciwon ta zo ba kafinsa ba.

Dakta yanzu za a iya cewa shi ne ke nan? Kuma me zan ce wa hedimasta, don ya fara maganar rubuta ni.

Dakta Ummu Sultan, Birnin Kebbi:

Alhamdulillah da kika je. Tukuna dai, kar mu yi saurin sa suna. Yanzu abu uku ne a cakuɗe, tsargiya da ƙarancin jini da janyewar deksa, kowanne shi kaɗai yana iya kwantar da mutum, kuma satuttukan rage deksa za ki ji jiki ya ƙara mutuwa kar ki tsorata ki koma masa, amma in amai ko jiri mai tsanani ko zazzaɓi ya zo ki koma asibiti ranar. A ba jiki kamar wata uku bayan kin gama, a sake auna jini da fitsari. In duk sun daidaita kuma har lokacin Asabar na kayar da ke ranar Litinin, to maganar ME/CFS ta yi ƙarfi, sai ki nemi a tura ki wajen likitan cututtukan manya a babban asibiti nan Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato.

Baban Khalifa, a binciken Dubbo ɗin nan abin da ya nuna wanda zai daɗe bai tashi ba shi ne tsananin zazzaɓin farko, ba halin damuwarsa ba. Kuma an taɓa yin bincike a nan Najeriya da ya fito a 2007, an samu kusan mutum 7 cikin 1000 na manya suna da wannan ciwo.

Hedimasta kuwa kar ki tsaya dogon bayani da baki, likitan da ke rage miki magani ya ba ki takarda, ki roƙi a rage miki darasi ko a ba ki na safe ki riƙa koyarwa a zaune. Ranar komawa asibiti ki tafi da littafin da kwalayen duk abin da kika sha, har na kemis ɗin.